Hannun da Na Ƙi Karɓa a Hangari

Na sauka a ƙasar Hangari da jaka ɗaya, da rigar sanyin da na saya a gwanjo a babbar kasuwar Gombe, da takardar gayyata da na naɗe cikin leda biyu don kada ruwa ya taɓa ta. Ban cika awa ɗaya ba aka cuce ni. A tashar jirgin ƙasa wani mutum mai fara'a ya ga ina ta zare ido gaban injin sayar da tikiti, sai ya matso ya ce kada in wahalar da kaina, yana da tikitin da ya fasa tafiya da shi. Na saya, har da godiya. Sai da muka yi nisa mai duba tikiti ya karɓa, ya nuna mini inda aka riga aka huda shi, ya sauke ni a wata 'yar tasha da ba komai sai benci da agogo. Ni da nake ganin duk unguwarmu ta Bagadaza babu mai wayona, ga ni tsaye a bakin gonar wani, sanyi yana shiga ta ƙafar wando. Wani dattijo mai motar ɗaukar madara ne ya tsaya, ya karanta sunan garin a takardata, ya buɗe mini ƙofa. Ko kalma ɗaya ba mu fahimta daga bakin juna ba har ya ajiye ni a ƙofar sansanin horon da aka gayyace ni.

Abin da ya kai ni wasa ne da ko sunansa ba a sani ba a unguwarmu. Fentatalon suke ce masa, wasanni biyar ne a dunƙule, mutum ɗaya zai yi su duka a wuni ɗaya: karawa da takobi, tsallake shingaye, iyo, gudu da harbi. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar kuɗi a Arawa. Gudu na iya, iyo kuma a kogin Dadin Kowa na koya wurin kawuna mai kamun kifi. Abokina Bulus na Herwagana ne ya ga sanarwar ana neman 'yan Afirka, ya ɗauke ni bidiyo da wayarsa ya tura, ni ina masa dariya. Da gayyata ta zo, mai makarantarmu ya ce in na tafi kada in dawo masa. Na tafi. Gurbi ɗaya aka ware wa Najeriya, mu biyu aka kira. Bayan sati biyar za a gwada mu, wanda ya ci ya zauna shekara guda a horar da shi ya shiga gasar ƙasashe, ɗayan ya tattara ya koma gida. Ni kuwa ba aikin da zan koma wa.

Ɗayan shi ne Nasiru, ɗan Kaduna, wanda ya yi shekara biyu yana wasan takobi a Legas. Ɗaki ɗaya aka ba mu. Ranar da na shigo a gajiye, na ji an ce mini sannu da hanya da Hausa, wallahi sai da hawaye ya cika mini ido. Ya ba ni dabino, ya nuna mini alƙibla, ya koya mini yadda ake murɗa bututun ɗumama ɗaki. Na san abokin takarata ne, amma a garin da ko sallama ba mai amsa maka, wanda ya iya harshenka ɗan'uwa ne. Duk abin da ban gane ba shi nake tambaya.

Mu goma sha biyu ne daga ƙasashe daban-daban. Washegari aka tara mu a zauren takobi, shugaban masu horarwa ya fito. Lazlo sunansa, tsoho ne dogo, ya haura saba'in, Turancinsa kuma gutsi-gutsi, sai wata matashiya mai koyar da iyo, Kata, take cike masa inda ya maƙale. Ya ce wasan ya fi shekara ɗari ana yin sa a babbar gasar duniya, kuma an gina shi ne a kan labarin sojan da aka aika da saƙo ta cikin ƙasar abokan gaba. Ya hau dokin da bai sani ba, aka tare shi ya kare kansa da takobi da bindiga, ya ƙetare kogi da iyo, ya ƙarasa da ƙafa. Ya ce a zamaninsa da ƙuri'a ake ba ka doki, minti ashirin kacal ka saba da shi, yanzu an cire dokin an sa shingaye, kuma a gani a fuskarsa abin bai yi masa daɗi ba. Wasu wasannin, in ji shi, suna neman gwanin abu ɗaya, wannan kuwa yana neman mutumin da ba ya ruɗewa in ya gamu da abin da bai sani ba. Na gyaɗa kai kamar da ni ake, ina ganin ai wanda aka sauke a bakin gona ya iso ya riga ya ci wannan jarrabawar.

Aka raba mana lokaci. Ni kaɗai ne ban taɓa riƙe takobi ba, don haka tsohon ya ce in riƙa zuwa ƙarfe shida na safe ya koya mini ni kaɗai. Da yamma kuma, lokacin da sauran suke karawa da juna a zaure, ni ina wurin Kata a ruwa, saboda iyona iyon kogi ne. Kaina a sama nake yi, ina waige-waige. Ta tambaye ni me nake nema, na ce mata dorina. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, amma a wurinmu wanda ya dulmiya fuskarsa cikin ruwa bai duba gabansa ba, shi ne ba ya dawowa. Sati biyar ta yi tana danna mini kai, ni kuma ko sau ɗaya ban ga yadda sauran suke wasan takobinsu ba.

Darasin farko ya yi daɗi. Ya sa mini hular ƙarfe mai raga, da farar riga mai kauri, da safar hannu ta fata a dama. Takobin siriri ne, ba ya yanka, akwai ɗan maɓalli a bakinsa da ke kunna fitila in ka taɓa mutum. Ya nuna mini tsayuwa, ya nuna mini taku, ya ce ƙafafuna suna da kyau. Da muka gama ya cire hularsa ya maƙale ta a hammata, ya matso yana murmushi, ya miƙo mini hannun hagu.

Na tsaya ina kallon hannun. Mahaifina tela ne a Bagadaza, mutum mai sanyin hali, amma sau ɗaya da ya taɓa marina a duniya, don na miƙa wa baƙonsa kofin ruwa da hagu ne. Hagu ta tsarki ce, ta fyace majina ce, ba a ba mutum ita sai an raina shi. Na rasa yadda zan yi, sai na miƙa damata da safar a jiki, takobin yana lilo a tsakanin yatsuna. Murmushinsa ya ɗauke. Ya dubi safar, ya dube ni, ya janye hannunsa.

Da rana a ɗakin cin abinci na gan shi da idona ya gaisa da Nasiru da dama, ya gaisa da direban sansanin da dama. Da muka koma ɗaki na ba Nasiru labari. Ya girgiza kai.

"Mutumina, gwada ka yake yi," in ji shi. "Haka yake yi wa baƙar fata in sabon zuwa ne, ya ga ko za ka karɓi raini. Ni ma ya yi mini. In ka karɓa ka gama yawo a wurinsa. Ka share shi kawai, da kansa zai dawo ya ba ka dama."

Ni dama zuciya gare ni, kuma cutar da aka yi mini a tasha ba ta sake ni ba. Washegari da ya miƙo hagu, na mayar da hannuwana baya, na juya na fita. Jibi ma haka. Tsohon bai fasa miƙowa ba, ni ban fasa juyawa ba. Abin da ya canza shi ne darasin. Daga ranar bai ƙara koya mini sabon abu ba. Taku gaba, taku baya, taku gaba, taku baya, awa guda cur, yana tsaye yana ƙirgawa da harshensu. Ba suka, ba karewa. Cinyoyina suka yi tauri kamar icen girki, amma ban san yadda ake taɓa mutum da takobi ba. Duk lokacin da na yi ƙorafi sai Nasiru ya ce in daure, tsohon ya kusa karaya.

Kwanakin nan sun yi mini nauyi. Rana ba ta fitowa sosai, in ta fito ma ba ta da zafi. Nama na daina ci don tsoron alade, har wandona ya fara zamewa. Mai dafa abincin, wata tsohuwa mai suna Marika, ta lura, sai ta riƙa ajiye mini dafaffen ƙwai da kifi a gefe, ta rufe da faranti. Wata rana ta kawo mini jan gari a kwalba tana nuna bakinta tana fifita, wai yaji ne. Na zuba cokali biyu ban ji komai ba, amma na yi ta hura baki don kada ta ji kunya. In na zauna ni kaɗai, abin da nake tunawa ba wani babban abu ba ne. Ƙarar keken ɗinkin Baba, da masu Keke Napep suna kiran Tashan Dukku, da masar da ake soyawa a bakin layinmu. A gudu dai ba mai kama ni cikin mu goma sha biyu, harbi ma da bindigar haske ya karɓe ni, don na yi farautar kurciya da danƙo ina ƙarami. Da wannan nake kwantar wa kaina hankali.

Ana gobe gwaji, bayan na fito daga ruwa, Kata ta miƙo mini tawul ba ta sake shi ba. Ta ce akwai abin da take son tambayata tuntuni. Me tsohon ya yi mini nake wulaƙanta shi kullum? Ta ce shekara hamsin yana koyarwa, ba ɗalibin da ya taɓa ƙin gaisawa da shi, har ya ce wanda bai iya gaisuwa ba, ba zai koya masa suka ba. Jini ya hau mini ka. Ni ne ma mai wulaƙancin? Na ce ta je ta tambaye shi, ya fi ni sani, na fizge tawul na tafi.

Bayan la'asar na kira Baba. Ban taɓa gaya masa matsalar ba, don shi ne ya tsaya mini lokacin da dangi suke cewa na haukace da na bar aiki. Ina jin keken yana tafiya, da na fara magana ya tsaya. Na zazzage masa komai, ina jiran ya taya ni fushi.

"Habu," ya ce, "lokacin da yake ba ka hagun, me ke damarsa?"

Na ce takobi.

"Kai fa, me ke taka?"

Na ce takobi, da safa.

"To so kake ya miƙo maka ƙarfen? Ni in almakashi na hannuna ajiyewa nake in ba da dama, haka muka tashi. Amma can ba Bagadaza ba ce. Ka taɓa ganin yadda suke yi a tsakaninsu?"

Na ce ban taɓa ba.

"Sati biyar kana juya wa sa'an kakanka baya, malaminka kuma, a kan abin da ba ka tambaya ba. Tashi ka neme shi yanzu."

Na fita da gudu. Zauren a rufe, mai gadi ya nuna mini da hannu cewa tsohon ya tafi birni sai da safe. Na dawo ɗaki na sami Nasiru yana goge takobinsa. Na gaya masa abin da Baba ya ce. Bai ɗago ba, ya ce Baba dattijo ne mai kyakkyawar zuciya, amma bai san Turawa ba. Na zauna a bakin gado ina kallon ƙeyarsa, ban san wa zan gaskata ba.

Da safe aka fara da takobi. Kowa zai kara da kowa, taɓawa ɗaya tak, wanda fitilarsa ta fara kamawa ya ci. Na farko ɗan Masar ne da ɗan Kenya. Fitila ta kama, suka ɗaga takubba suka gaida juna, suka cire huluna, suka matso. Hagu da hagu. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ɗan Senegal da yake kusa da ni ya ga yadda na ƙame, na tambaye shi a hankali, ya ce ai haka ake yi ko'ina a duniya. Hannun da ba makami, ba safa, shi ake ba mutum, alamar faɗa ya ƙare. Ba da hannu mai safa kuwa rashin kunya ne. Na waiga inda tsohon yake zaune da allon rubutu a cinyarsa, bai ko kalli wajena ba.

Karawa goma sha ɗaya na yi, biyu na ci, su ma da tsawon hannu ne da sa'a. Ja da baya na iya, shi aka koya mini, sai in yi ta ja har in kai ƙarshen fili a taɓa ni. Kowa na ba shi hagu. Da aka haɗa ni da Nasiru bai ɓata daƙiƙa biyar ba ya soke ni a kafaɗa. Ya cire hula ya miƙo hagunsa cikin sabo, irin na wanda ya yi haka sau dubu. Na kama, na matse.

"Nasiru, ka ci amanata."

"Gurbi ɗaya ne, mutumina," ya ce, idonsa a ƙasa.

A shingaye na ɗan rage tazarar makin da ya ba ni. A ruwa na cusa fuskata ciki kamar yadda Kata ta koya mini, ban ɗago ba sai don numfashi, na rage wani abu. Saura na ƙarshe, gudu da harbi a haɗe. A wannan wasan makin da aka fi ka shi ake mayarwa daƙiƙoƙi, wanda ke gaba ya fara tashi, kai ka tsaya kana kallonsa yana tafiya har lokacinka ya yi. Duk wanda ya riga tsallake layi shi ya ci, ba wani lissafi kuma. Daƙiƙa arba'in da ɗaya Nasiru ya ba ni. Ban taɓa sanin daƙiƙa arba'in tana da tsawo haka ba.

Zagaye biyar ne, tsakaninsu a tsaya sau huɗu a yi harbi, sai harbinka ya kunna fitilu biyar kafin ka wuce. A tsayawar farko ina isowa yana barin wurin. A ta biyu na same shi saura masa biyu. A ta uku muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ina jin hucinsa, ya riga ni fita da taku goma. A ta huɗu ni na fara ɗaga bindiga. Huɗu suka kama a jere. Na biyar na kuskure. Na sake, na kuskure. Ƙirjina yana bugawa har bakin bindigar yana rawa, sai na ga fitilunsa sun cika ya tafi. Sai a karo na huɗu tawa ta kama. Na bi shi da duk abin da ya rage a jikina, ina jin Kata tana kiran sunana, ina ganin rigarsa tana matsowa. Da fili ya ƙara taku ashirin da na wuce shi. Bai ƙara ba. Ya tsallake, na tsallake a bayansa, na faɗi a kan ciyawa na kife fuskata.

Da yamma na roƙi Kata ta raka ni ofishin tsohon ta yi mana tafinta. Na gaya masa abin da hagu take nufi a garinmu, na ba shi labarin marin da Baba ya yi mini, na ba shi haƙuri. Sunan Nasiru yana bakina, na haɗiye. Ba kirki ne ya hana ni ba. Na ga dai ko na faɗa, ƙafafuna ne suka juya wa mutumin nan baya fiye da sau talatin, ba na Nasiru ba. Tsohon ya ce sati biyar, me ya hana ni tambaya? Bakina da ba ya jin magana ya ce shi ma ai bai tambaya ba. Kata ta zaro ido, na ce ta fassara. Ta fassara. Kunnuwan tsohon suka yi ja. Ya ce sakamako ya riga ya fita, wanda ya tsallake layi shi ya ci, ba ya canza wannan ko don ɗansa. Na ce na sani. Ina bakin ƙofa ya ce gobe ƙarfe shida, kamar kullum.

Jirgina na ƙarfe goma ne. Na je da jakata a ɗaure na ajiye a bakin zaure. Ranar bai ƙirga taku ba. Ya koya mini suka, ya koya mini karewa, ya koya mini yadda ake yaudarar hannun mutum a shiga ta ƙarƙashi, yana sauri yana haki, yana cusa mini abin sati biyar cikin awa biyu. Sau uku ya tsaya ya dafa bango, na ce ya huta, ya daka mini tsawa da harshensu. Can wajen ƙarshe na shiga ta inda ya nuna mini, fitilata ta kama a ƙirjinsa. Takaici ya kama ni, don na gane da an koya mini wannan tun farko, da ba ni ne mai tafiya ba. Na san shi ma ya gane.

Muka ɗaga takubba, muka cire huluna. Na matsa da sauri na miƙa masa hagu, don kada ya riga ni. Shi kuwa ya sunkuya da ƙyar ya ajiye takobinsa a ƙasa, ya ja safarsa da haƙori ya cire, ya miƙo mini dama. Muka tsaya haka, hannuwa biyu a miƙe ba wanda ya dace da wani. Sai ya kama haguna da damarsa, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya riƙe bai saki ba, har direba ya yi oda a waje sau biyu.